Ba Na Jin Ki, Mama

"Sake dubawa, ɗan nan," in ji tsohuwar, tana tura wa mai gyara laftof ɗinta. "Duk sanda na kira autana ta bidiyo, ni ina jin sa, shi ba ya ji na. Sai ya nuna kunnensa, ya katse."

Mai gyara ya gaji. Ya sauya makirufo, ya sabunta manhaja. Ya ɗauki muryarta ya kunna mata, ta fito tar.

"Mama, ƙalau yake fa."

"Da ƙalau yake, da ɗana ya ji ni. Kira shi ka gani."

Ya kira. Fuskar autan ta bayyana, yana zaune a ofis.

"Auta, ƙafar nan ta hana ni sakat. Yaushe za ka zo?"

Ya nuna kunnensa. "Ba na jin ki, Mama. Bakinki kawai nake gani yana motsi."

Mai gyara ya karkata laftof ɗin, kyamara ta koma kallon rufi, ya hure ƙurar da ke ƙasansa. Ƙurar ta shiga hancin tsohuwa, ta yi atishawa.

"Alhamdulillahi," ta ce a hankali.

"Yarhamukillah, Mama," autan ya amsa.

Nan take kiran ya katse.

Mai gyara ya rasa inda zai sa idonsa. Tsohuwa ta daɗe tana kallon baƙin allon, sannan ta goge shi da gefen mayafinta.

"Sa mini wani makirufon, ɗan nan," ta ce. "Mai ƙarfi. Wataƙila da shi zai ji ni."