Jirgin da ke Hagun Titi

Kwana uku ke nan Marlys tana tuƙi da tokar gawar mahaifinsu da aka ƙone a cikin gwangwanin kofi, ƙanenta Duane yana gefe da taswira a cinya. Wasiyyar tsohon layi ɗaya ce: a zuba tokarsa a wajen jirgin nan.

Kowa a gidan ya san jirgin. Duk shekara, a hanyar zuwa gonar kakarsu a jihar Nebraska ta Amurka, Baba kan bugi sitiyari ya ce, "Yara, ku duba hagu! Ga tsohon jirgin saman yaƙi can!" Su huɗu sai su danne juna a jikin taga, shi kuwa ya ƙara wuta. Wanda ya riga gani shi ke komawa kujerar gaba.

Sai dai ba mai tuna wurin. Marlys ta rantse jirgin fari ne, a kan rufin wani rumbu. Duane ya ce ja ne, hancinsa a kafe cikin ƙasa.

"Ja a gidan wa? Kai da ko allon aji ba ka gani sai da tabarau!"

"To uwar gani, ai ke kika ce har da matuƙi a ciki yana ɗaga miki hannu."

Abu ɗaya suka yarda da shi: da an haye wata gadar ƙarfe ake ganinsa. Sai da suka iso gada ta tara sannan su biyun suka ce ita ce. Marlys ta tsaya, ta duba hagu. Masara ce iyakar ganin ido. Duane ya kutsa ciki rungume da gwangwani, ya fito bayan awa guda yana susa.

A hannun dama akwai wani ɗan shago, wata tsohuwa tana goge tebur a ƙofarsa. Marlys ta gaishe ta, ta tambaya.

"Jirgi? 'Yar nan, shekara sittin ina nan, ko shirwa ba ta cika sauka a gonar can ba." Sai ta ƙura musu ido. "Tsaya. Koriyar mota mai dogon baya, yara huɗu?"

Marlys ta gyaɗa kai.

"Ashe ku ne! Ai ƙeyarku kawai na sani. Duk shekara uban nan naku sai ya juya muku kawuna can, ya wuce shagon askirim ɗina a guje."