Mai Cincin da Madarar Kwakwa

Akwai wasu mutane, ba zan kama suna ba, da zarar sun iya abu guda sai su ɗauka sun sauke littafin duniya. Ka gyara musu, ka zama abokin gaba. To, zauna ka ji misalinsu.

Wata mata ce ta yi shekara ashirin tana cincin da kek na biki, kuma ta iya, ba na rage mata. Sikeli ba ta da shi, ba ta ma nemansa, don tun tana budurwa ta san kilo ɗaya na fulawa gwangwanin madara goma sha biyu ne, kuma awon bai taɓa ba ta kunya ba. Amma zuciyarta na kan babbar tukunya: tana so a riƙa ba ta girkin taro gaba ɗaya, ba soye-soyen gefe kawai ba. Ran nan dama ta zo. Wani gida za su yi suna, surukansu Hausawan zangon Kumasi ne, masu son shinkafa da madarar kwakwa, sai uwar gidan ta ce a gwada ta, in ta yi kyau girkin gidan ya zama nata. Aka ba ta takarda da awo a rubuce: shinkafa mudu shida, madarar kwakwa kilo shida, ruwa kaza. Ta buga lissafi a ka, shida sau goma sha biyu, gwangwani saba'in da biyu. Mata suka gurza kwakwa, suka matse, suka tace, ta shiga zubawa. Tana kaiwa talatin da shida madara ta ƙare ƙaf. Wannan kaɗai ya isa mai hankali ya tsaya ya yi tunani. Ita kuwa sai ta hau faɗa, wai an sayo kwakwa rabi, wai masu matsa ba su da ƙarfin hannu. Wata tsohuwa cikin masu gurzar ta ce, “'Yar nan, ruwa fa ya fi gari nauyi. Ga sikelin mai nama can bakin layi, a kai kwano guda a gani mana.” Ta ce, “Inna, kilo ai kilo ne. Ki ji da magurjinki.” Ta sa aka koma kasuwa.

Kilo kam kilo ne, ba ta yi ƙarya ba. Abin da ya shige mata duhu shi ne gwangwanin da ya cika da madarar kwakwa ya kusa ninka na fulawa nauyi, don haka shida ke yin kilo, ba goma sha biyu ba. Wato a daidai inda madara ta ƙare, a nan awo ya cika. Ta ninka madarar, ta bi da ruwan da takarda ta ce, ta rufe tukunya. Da azahar ta buɗe, shinkafa ta caɓe ta kama juna, mai na yawo a sama, ƙasa ya kama. Ta ƙara wuta don ruwa ya tsotse, ƙauri ya zagaye gida. Ba tuwo ba, ba kunu ba. Uwar gida ta leƙa sau ɗaya, ta aika a sayo shinkafa da miya a gidan abinci. Baƙin Kumasi suka yi ta cin cincin ɗinta kafin shinkafar ta iso, suna yaba hannun wadda ta soya. Har yau gidan in za su yi taro ita suke kira, amma kaskon suya suke ajiye mata.

Shi ya sa Hausawa suka ce ƙaramin sani ƙuƙumi ne. In kana da ja, cika kofi da gari, cika wani da ruwa, ɗora su a tafukanka biyu, sannan ka zo ka ƙaryata ni.