Akwatin Gargaɗin Ruwa

"Mi zan yi, Likita? Akwatin nan ya mutu, ko harafi bai shigo ba," in ji Lawwali.

George, ma'aikacin asibiti a Wurno, ya duba akwatin. Akwatin ne ke haɗa rediyonsa da kwamfuta, ta nan abokinsa na Goronyo ke rubuto gargaɗi kafin a saki ruwan dam. Da zai yi tafiya ya bar wa maƙwabcinsa Lawwali amanarsa, don ya riƙa sanar da manoma. Ga shi ruwa ya cinye albasar mutanen ƙauyen Kwargaba kaf.

Sai ga Laraba, matar Lawwali, da kwando.

"Likita, ga albasa, tukuicin akwatinka. Ba don ya gaya ma Malam ruwa na tahe ba, da tamu ma ta tahi."

George ya dubi Lawwali, ya tofar da yawu.