Kindirmon Asta

Wata uku ke nan Hammawa bai sa kindirmon matarsa Asta a baki ba.

Shekara biyu cikinsa na wahalar da shi: yau kumburi, gobe murɗa, jibi sai ya bar shanu ya ruga bayan dutse. Likita a Bwari ya yi duk gwaje-gwajensa, ya ce ba olsa ba ce, ba taifot ba, hanjinsa ne kawai mai saurin fushi. Ya ce ya gwada abin sha mai ƙwayoyin halitta masu amfani, wai furobayotik. Wasu yana musu aiki, wasu ba ya yi.

Hammawa bai yarda ba. Hanji ya yi fushi haka kawai, ba wanda ya taɓa shi?

Sai ya sa wa Asta ido. Ta daina tallan nono a kasuwa, amma kullum da hantsi takan ɗauki ƙwarya ta nufi bakin titi, kafin ka ce me ta dawo da ita wayam. In wayarta ta yi ƙara, sai ta zagaya bayan bukka. Shi kuwa Hammawa ba ya tambaya, hukunci yake yankewa. Ransa ya ba shi cewa tana barbaɗa masa wani abu.

Ya daina shan kindirmonta, ya tafi unguwar Gudu, shagon wata Miriyam, ya sayo kwalaben furobayotik masu tambarin Turanci da ƙamshin ayaba. Sati biyu yana sha, kumburin ya sace. Wata guda, murɗar ta ɗauke. Maimakon murna sai baƙin ciki ya rufe shi, don yana son Asta, ga shi zarginsa ya tabbata. Ya faɗa wa yayansa cewa ranar Juma'a zai mayar da ita gidansu. Shaida kawai yake nema, kada dangi su ce ya zalunce ta.

Ranar Laraba ya faki idonta, ya ɗebi kindirmon a gora, ya hau acaɓa sai Gudu.

"Madam, a ina ake gwada abinci? Ina so a duba mini wannan. Akwai abu a ciki."

Miriyam ta buɗe, ta shinshina. Ta ɗiga a tafin hannu ta lasa, Hammawa ya yi wuf zai hana ta. Ta sake lasawa. Fuskarta ta canza. Ta leƙa waje, ta turo ƙofar shagon, ta kafe shi da ido daga hula har takalmi.

"Oga, wa ya aiko ka?"

"Ba kowa."

"Ƙarya ne. Kana so ka buɗe naka shago, ko? Mun yi magana da Asta, ba za ta sayar wa kowa ba sai ni. Wannan nono shi nake zuba a kwalba da kake saye, suga da ayaba kawai nake sa!"