Layin Baɗi

Hannunta ne ya zame. Maimakon ta tsayar da umarnin kwamfuta a bana, sai ta ƙara masa shekara guda.

Aikin ba wani mai wuya ba ne a wajen mai nazarin alƙaluma irinta. Duk shekara ana komawa gidajen da aka saba a auna nauyin yara, ita kuma ta sa kwamfuta ta yi ta zagayawa tana fitar wa kowace shekara nata layin. Na baɗi ya kamata ya fito wayam. Sai ga shi cike taf.

Gidan yayarta na cikin binciken, don haka ta lalubo lambarsa. Ga Auta, ɗan yayar tata, nan yana ta ƙiba: bara ya ƙaru, bana ya ƙaru, baɗi ma haka. Autan da aka fita da gawarsa shekara biyu da suka wuce, tana riƙe da uwarsa.

"Yallaɓai, zo ka ga wani abu."

Shugaban sashen ya duƙa ya duba. Ko gezau bai yi ba.

"Wa kika nuna wa?"

"Ba kowa. Yallaɓai, yaron nan fa ya rasu."

"Allah ya jiƙansa." Ya tura ƙofa a hankali har ta rufe. "Tun zagayen farko ba wanda ya sake taka gidajen nan. Masu tallafa mana da kuɗi, yara masu ƙiba suke son gani, shi ya sa a wajenmu ba a mutuwa."

Ya ɗora yatsa a kan layin.

"Goge shi. Baɗi ke za ki sake fito da shi."