Dashen Seleri Kafin Sanyi Ya Karye

Sunan ƙauyen ya kuɓuce mini, shekarar ma haka; tsufa yana kwashe mini kaya ɗaya bayan ɗaya. Abin da na riƙe, a kan duwatsun Jos ne, inda sanyin asuba ke sa haƙora kaɗawa. Saurara, ɗana, tunda ka ce aikin da ka iya a gida ko'ina ma haka yake.

Wani mai lambu ya rasu, ya bar mata da 'ya'ya ƙanana da fangalin renon seleri, ganyen nan mai ƙamshi da ake kaiwa kasuwar birni. Da shi gidan ke ci. Ƙanensa ya taso daga fadamun Kano don ya riƙe lambun. A can, lokacin sanyi shi ne lokacin dashe. Salak da albasa duk suna son sa. Ya tarar da renon a lulluɓe da ciyawa, ya ce wannan ai lalaci ne. Matar ta ce, "Baffan yara, yayanka ba ya buɗe su sai sanyi ya karye." Ya ce, "Ni za a koya wa lambu? Kafin maƙwabta su farka mun kai kasuwa." Ya yaye ciyawar, ya dashe su kaf, ko tsiro ɗaya bai rage ba.

Ba su mutu ba, shi ya ƙara masa girman kai. Suka yi kore shar, yana kiran masu wucewa su zo su gani. Da zafi ya shigo, kowanne ya miƙe da tsinke a tsakiya ya yi fure. Karan ya yi tauri, ya yi ɗaci. Akuya ma shinshinawa take yi ta wuce. Maƙwabtan da suka dasa a bayansa suka cika kwanduna. Shi kuwa ya naɗe tabarmarsa ya koma gida, wai ƙasar ce ba ta da albarka. Ƙasar! Ya bar marayu suna tsintar ganyen da ya zube a lambun wasu. Ni ba mai fushi ba ne, amma in na tuna maganar nan sai ƙirjina ya yi zafi. An faɗa masa, kuma ba tuwon gidansa ya yi wasa da shi ba.

Daga baya na koma na tambayi masu lambu, suka tabbatar mini: seleri in ya sha sanyi yana ƙarami, zafi na zuwa sai ya tafi yin iri, ba a ƙara cin sa. Iyalin nan sai da suka jira wata shekara. Hausawa sun ce, sauri ya haifi nawa.