Ƙwallon Dabino a Motar Maikasuwa

Tun daga Kano Falalu, matashin makanike, yake yi wa aikin dariya, har ya sauka a ƙofar gidan Alhaji Maikasuwa da ke Kazaure. Shekarun nan ne da kuɗin fetur suka fara kwarara, kowane ɗan kwangila yana neman abin hawa na kece raini. Maikasuwa ya sayi tasa a hannun wani Bature da zai koma gida. Tsohuwar doguwar mota ce ƙirar Amurka, irin mai sauya giya da kanta, wadda direba ba ya taɓa komai sai totur da birki.

Wata takwas ke nan da ta daina sauyawa. Sai ta maƙale a giyar farko tana ruri kamar bijimi, amma gudunta bai fi na mai keke ba. Halliru, makanikin da ya shekara talatin yana gyara wa Maikasuwa motocin ɗaukar kaya, ya ce ta gagare shi. Alhaji kuwa ya rantse, in baƙon Kano ya gyara ta, to Halliru ya gama taɓa masa ƙarfe har abada. Kuma gobe yake so ya je suna Ɓaɓura a cikinta.

Alhaji na ciki yana barcin rana. Falalu ya tuɓe farar rigarsa ta aiki, wadda yake ji da ita fiye da takardar shaidarsa, ya rataye a reshen darbejiya don kada ƙasar ƙauye ta ɓata ta. Ya zagaya motar. Gabanta duk lotsawa, hagu da dama, ginshiƙin ƙofar gareji ma ya sha karta.

"Baba, direban gidan nan da jaki ya koyi tuƙi?"

"Babu direba," in ji Halliru. "Uku Alhaji ya kora. Ya ce motar da ke sauya giya da kanta ba ta bukatar ɗan rakiya."

Falalu ya zaro sandar auna man giya, ya duba, ya shinshina. Man ja ne garau, cike, ba ƙauri. Ya ɗan ji haushin haka, don ya so ya fara kama tsohon tun daga nan. Ya tayar da motar ya ɗan taɓa ta zuwa bakin layi. Da rurin ya tashi, sai ya ga mata suna janye 'ya'yansu cikin zaure, mai goro ya sure fantekarsa, wani dattijo ya kora awakinsa bayan danga. Ya yi tsaki. Mutanen da har yanzu mota ke razanawa, ina za su iya gyara ta?

Ya dawo, ya shimfiɗa tabarma, ya shiga ƙarƙashi. Akwai wani siririn tiyo da ya taso daga inji zuwa gidan giya. Iskar da inji ke zuƙa ta cikinsa ita ke gaya wa giya lokacin sauyawa. In ya toshe, sai giya ta yi zaton hawan dutse ake yi, ta ƙi saki. Falalu ya cire shi ya hura. A toshe yake. Ya zura waya, sai wani abu ya faɗo masa a ƙirji.

Ƙwallon dabino ne, an fere shi da wuƙa daidai bakin tiyon.

"Hau mu je, Baba," in ji shi, "ka ga abin da wata takwas suka gagara."

Suka ɗauki hanyar Roni. Motar ta sauya ta biyu, ta sauya ta uku, lumui kamar ana zuba mai a tuwo. Allurar gudu ta haura mil saba'in. Falalu yana ta fito. Halliru bai dubi allurar ba ko sau ɗaya. Idonsa na kan gefen hanya, inda garken shanu ke jiran tsallakawa, da mata masu tallar nono, da 'yan firamare da aka taso.

Da suka dawo, Falalu ya ɗora ƙwallon a tafin hannunsa, ya kai har hancin tsohon.

"Dabino ba ya fere kansa. Ko dai jahilci, ko cin amanar mutumin da ya riƙe ka shekara talatin. Zaɓi wanda zan faɗa masa."

Halliru ya goge hannu da tsumma a hankali. "Ka gaisa da Alhaji tukuna, samari. Sannan ka zaɓa mini."

Ana haka sai ga Maikasuwa ya fito daga zaure, dogon mutum cikin babbar riga, yana taku da isa irin ta wanda ya san kowane dutse na ƙofar gidansa.

"Tun daga ciki na ji ta koma muryarta ta da. Halliru, ka ji yadda masu ilimi ke aiki ko? Kwashe spanoninka. Gobe kafin a yanka rago ina Ɓaɓura. Sannu, Injiniya, kawo hannu."

Falalu ya bi hannun Alhaji da kallo, ya ga ba wajensa aka miƙo shi ba. Ya dubi lotsattsen gaban motar, ya dubi Halliru. Mota ba ta taɓa gagarar sa ba, kuma ya san in ya faɗi haka a nan, labarin zai riga shi isa Kano.

"Ranka ya daɗe," in ji shi, "gyaran bai zauna ba. Muna dawowa ta sake maƙalewa. Wannan ta fi ƙarfina. A bar wa Baba Halliru ita."

Ya koma ƙarƙashin motar, ya mayar da ƙwallon dabinon cikin tiyo, ya danna shi sosai da babban yatsa. Daga inda yake kwance yana hango Alhaji Maikasuwa tsaye da rana tsaka, ya miƙa wa farar rigar da ke rataye a reshen darbejiya hannu, yana jiran ta gaisa da shi.